Aswaki a Murfin Durowar Mota

Ko na tsufa na rikice, ba zan taɓa mantawa da tafiyarmu Mai'adua da Liman ba. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, kowa a Daura yana ji da addini, ni kuwa na fi kowa zaƙewa. Na tsayar da gemu, na ɗage wando, har 'yan unguwa suka laƙaba mini Ustazu (karatun bai taka kara ya karya ba, amma murya akwai ta). Ni ne na je har ƙofar gidan Malam Idi, ladanin masallacinmu, ranar bikin 'yarsa, na sa aka tsayar da kiɗan ƙwaryar da mata ke yi a cikin gida. Kallona kawai ya yi. Ana cikin haka Liman ya fara maganar naɗa na'ibi, kuma kowa ya san ni ake nufi. Ina son muƙamin nan kamar raina.

To, ina da wata tsohuwar mota da ta ga jiya ta ga yau. 'Yar durowar nan ta gaba, wadda ke saitin gwiwar mai zama kusa da direba, maƙalinta ya lalace, da an faɗa rami sai murfin ya wangale. Bakanike ya ce in bar masa motar ya gyara. Na ƙi, don na san abin da ke ciki: kaset-kaset na kalangu da goge, waɗanda nake ji in na fita bayan gari ni kaɗai na ɗaga gilashi. Kowanne na liƙa masa farar takarda na rubuta "Tafsiri" (a ganina na gama wayo).

Sai na ce ai ni ma ina da hannu. Na ɗauko sukudireba na kwance maƙalin, wani ɗan sifirin ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin kujera, har yau ban sake ganinsa ba. Murfin da a da yake rufuwa in ya ga dama, yanzu ya daina gaba ɗaya. Na laluba aljihu, sai na ji sabon aswaki. Na cusa shi tsakanin murfin da jikin durowar, ya kama gam. Har yaba wa kaina na yi.

Ranar da za mu ta'aziyya Mai'adua, Liman ya zauna gaba, Malam Idi a baya. Tun da muka tashi nake zuba wa'azi a kan illar kaɗe-kaɗe, ina satar kallon Liman in ga ko yana gyaɗa kai. Can sai idonsa ya sauka a kan durowar.

"Ustazu, aswaki ka mayar sakata? Abin sunna guda?"

Kafin in buɗe baki ya miƙa hannu ya zare shi. Murfi ya faɗo, kaset-kaset suka zubo a kan babbar rigarsa. Ya ɗauki ɗaya ya karanta, fuskarsa ta washe.

"Masha Allah! Ka gani, Malam Idi? Yaro ko a mota bai zauna banza ba. Bari mu ƙaru."

Na ce, "Allah gafarta Malam, rediyon cinye kaset take yi."

"Ba ta cin na Allah," in ji shi, ya tura shi ciki.

Wayyo ni! Muryar rediyon tana ƙure yadda na bar ta. Kalangu ya tashi kamar a kan kujerar baya ake kaɗa shi, wata zabiya ta rangaɗa guɗa. Na ji gemuna ya yi mini nauyi. Da akwai ramin da zai haɗiye motar nan da na nufe shi da gudu.

Sai Malam Idi ya leƙo daga baya, cikin ladabi ƙwarai.

"Ustazu, wace sura ce wannan?"

Liman ya cire kaset ɗin a hankali ya ce, "Kiɗan, tsakaninka da Ubangijinka ne. Sunan da ka rubuta a kai, da bikin 'yar mutane da ka tarwatsa, su ne ban san yadda za ka yi da su ba." Ya miƙo mini aswakin. "Riƙe. Bakinka ya fi murfin nan buƙatarsa."

Haka muka ƙarasa Mai'adua, murfi a wangale yana kaɗawa.

Muƙamin na'ibi dai wani tela mai shiru-shiru aka ba. Ni kuwa har yau in biki ya taso a unguwa, sai wani ya tare ni ya ce, "Ustazu, a ara mana tafsiri." Abin da na koya shi ne, in har kana da kayan da ba ka so bakanike ya gani, to ka rage tsawon wa'azinka.