Ƙwayar Gudu

Kai, ku tsaya ku ji wannan, kar wanda ya katse ni. Wani ne ɗan tseren gudu, shekara huɗu yana shiga gasa, kullum shi ne na ƙarshe. Kafin ya iso an naɗe tabarmi, an kwashe kujeru. Yayarsa takan ce, "Kai ko mai sharar filin yana riga ka gamawa."

Shi kuwa ya rantse ba laifin ƙafarsa ba ne. "Yaya, duk ƙwaya suke sha! Ni kaɗai ne sakaran da ke gudu haka nan."

Ana gobe gasa ya tafi wurin mai kemis ɗin layinsu, ya raɗa masa, "Malam, irin ta 'yan gudun nan nake so."

"Ba na sayar da ita."

"Haba Malam, ka rufa min asiri. Kofi ɗaya kawai in ɗauka, Yaya ta yi shiru."

Ya naci, ya naci, har ya tare wa masu sayen magani hanya. Mai kemis ya gaji, ya juya baya, ya ɓare alewar tari guda uku, ya ƙulle masa a takarda.

"Rabi za ka sha. Wanda ya sha guda, sai da mota aka taro shi."

Gogan naku da safe ya watsa ukun duka a baki. Tun kafin a busa usur yake tsalle. "Ta fara aiki! Wallahi gwiwata zafi take!"

Ana busawa ya cilla. Yana gudu yana ihu, "Ku matsa! Ba ni da birki!" Ya wuce na uku, ya wuce na biyu, ya wuce na ɗaya, ya tsinke zaren ƙarshe, bai tsaya ba sai da ya rungumi katanga.

Yana haki sai ga likitan gasa da 'yar kwalba. "Barka, zakara. Saura gwajin fitsari."

Ya ba da fitsarin, ya koma gida. Kwana biyu ko abinci bai ci ba. Ran da aka kira shi ofis, tun daga ƙofa ya durƙusa.

"Likita, kar ku kore ni, kar ku karɓe kofin! Uku kawai na sha!"

"Uku me? Mun duba, ba komai a jikinka. Ga kofinka, tashi."

"Ba komai?"

"Ko ɗigo."

Ya fito. Kai tsaye sai kemis, Yaya na biye da shi riƙe da kofi.

"Malam, me ka ba ni?"

"Alewar tari. Ai ka ga ƙafarka ce ta yi aikin, sai ka gode wa Allah."

Gogan naku ya ɗora hannu a ka.

"Mugu! Ka bar ni na yi kilomita goma ba magani? Da na faɗi na mutu fa?"