Ranar da Na Kusa Nutsewa a Tioman

Tun a wani shagon shayi na unguwar Titiwangsa a ƙasar Malesiya, inda muka shirya tafiya tsibirin Tioman, na sanar da abokan karatuna cewa a bakin Kogin Kaduna na girma. Gaskiya ne, sai dai ban ce musu daga kan gada nake kallonsa ba.

Da kwalekwale ya kai mu wurin kallon kifaye, matuƙin ya miƙo min rigar hana nutsewa. Na ce ya ba matata Rahila.

"Baban Joy, ka tabbata?" in ji ta.

Na yi murmushin manya, na daka tsalle.

Ruwan gishiri na shiga hancina, na fara ihu, ina dukan teku, ina bar wa Rahila wasiyyar yara. Sai wata tsohuwa 'yar Malesiya ta dafa kafaɗata.

"Miƙe tsaye, lah," ta ce da Turancinsu mai ƙarewa da "lah".

Na miƙe. Ruwan iya ƙuguna.

Har yau, ko yayyafi aka fara a unguwarmu ta Brickfields, sai abokina Ishaya ya bugo min waya: "Sarkin Ruwa, kana da rai? Riƙe falwaya, ga mu nan zuwa!"