Ranar da Baba Ya Sauko da Ni daga Gada

Ba zan taɓa mantawa ba da tafiyar da na raka mahaifina asibiti a Tunisiya. Duk gidanmu da ke unguwar Birni a Zinder ni aka zaɓa, wai ni ne mai boko kuma mai dakakkiyar zuciya (ni na yaɗa wannan labarin da bakina).

Bayan awo, likita ya ja ni gefe ya ce ciwon ya ci jiki, mu koma gida kawai. Na kasa faɗa wa Baba. Shi ko bai tambaya ba, sai ya ce, "Na tuƙa kamyo, babbar motar kaya, har na tsufa, Damagaram ba mu da jirgin ƙasa. Kai ni in ga gadar jirgin nan da ake faɗi."

Tsohuwar gada ce ta dutse tun zamanin Nasara, jirgi ya daina binta, mutane ke hawa kallo. Baba na gaba da sandarsa, ina biye ina ta "A hankali, Baba." Da muka kai tsakiya na leƙa ƙasa. Tumakin da ke cikin kwarin kamar ƙwayar gero. Na durƙusa, na rungume ƙarfen dogo, na fashe da kuka. Ban san ko tsoron ne ko maganar likita ba. Sai na ji ɗumi na bin cinyata (farar shadda ce a jikina, ga 'yan makaranta sun zo yawon buɗe ido).

Baba ya juyo da ƙyar. Ya cire rawaninsa ya ɗaura mini a ƙugu.

"Rufe idonka, kama rigata," in ji shi. "Na san abin da likitan ya ce. Tashi mu je."

Haka marar lafiya ya jawo ɗan rakiyarsa har ƙasa, yana tsayawa yana haki.

Bai daɗe ba bayan mun dawo Zinder ya rasu. Ranar zaman makoki wani tsoho daga Droum ya kama hannuna ya ce, "Allah ya jiƙan Alhaji. Kai ne na gadar?" Ashe duk wanda ya zo dubiya sai da Baba ya ba shi labarin, yana dariya har tari ya sarƙe shi.

Yanzu in ana neman jarumi a dangi, ni ke fara nuna ƙanena.