Rasuwar Mai Ido Ɗaya, Na'urar Ɗakin Gwajinmu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil nake wannan rubutu. A gafarce ni, ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba sai Malamin Hausa, shi ma da jan biro a hannunsa. Na jira manya su yi magana ne, na ji shiru.

A madadin ɗaliban ajin ƙarshe na sakandaren gwamnati ta garinmu, ina sanar da rasuwar na'urarmu ta ganin ƙananan halittu, wadda muke kira Mai Ido Ɗaya. Ita kaɗai ce irinta a makarantar nan.

Marigayiya mai kunya ce, ba ta yawo. Ta yi rayuwarta a cikin kabad, lulluɓe da leda, da kwaɗo a ƙofa. Duk wanda ya nemi ganinta, Malamin Kimiyya kan ce, "Ku da ba ku iya riƙe biro ba? Ku ɓata ta, ni za a tuhuma." Sai in masu duba makarantu sun zo ake fito da ita. Mu ji kabad ya yi ƙiii, a ajiye ta bisa tebur, a jera mu a bayanta a ɗauki hoto, ledar ma ba a cire ba. Wannan ƙiii ita ce kaɗai muryarta da muka sani, ita ma ta kabad ce.

Duk da haka ba ta hana mu karatu ba. Malam yakan zana ɓawon albasa a allo, kamar jerin bulo, mu kwafa, mu rubuta a ƙasa: abin da na gani a cikin na'ura. Yayata ta rubuta haka a zamaninta. Ni ma na rubuta, har aka yaba mini.

Ciwon ajalinta ya bayyana ne bayan taron iyaye, inda mahaifiyata ta miƙe ta ce, "Shugaba, jarrabawar gwaji ta matso. Yarinyar nan tana son aikin asibiti, amma ƙwayar cuta ko a mafarki ba ta gani ba. A buɗe kabad ɗin nan mana." Na so ƙasa ta tsage in shige. Aka nemi mukulli aka rasa, sai kafinta ne ya ɓalle kwaɗon.

Ni aka fara kira, tunda uwata ce ta jawo. Na kafa ido, na ga wani abu kore mai gashi-gashi, murna ta kama ni. Na zana shi tsaf. Malam ya dubi zanen, ya leƙa na'urar, ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce a hankali, "'Yata, ai ban sa albasar ba tukuna." Ashe fumfuna ce ta cinye idon marigayiya. Ya murɗa maɓallinta don ya ceto ta, maɓallin ya biyo hannunsa. Ƙwal. Shi ke nan.

Ba mu zargin kowa. Tsananin kulawa ne ya kashe ta.

Ta rasu ta bar ƙwarangwal ɗin roba mai hannu ɗaya, da famfon ɗakin gwaji wanda bai taɓa ɗiga ba, da kwalabe masu suna babu komai a ciki, da mu marayunta, waɗanda za a ajiye wa irinta a gaba ranar jarrabawa, a ce mu nuna abin da muka iya.

Za a yi jana'iza ranar taron iyaye mai zuwa, a gaban ofishin Shugaba. Ba a buƙatar kuka. Ana roƙon iyaye su zo da kujerunsu, domin ba za a tashi ba sai an faɗa mana ranar da magajiyarta za ta iso, da alkawarin cewa ita za a bar mu mu taɓa ta.

Ga ƙarar babur ɗin Shugaba can a bakin get, ni kuma ban gama manna takardar nan a allon sanarwa ba. Umma, in kin gane rubutun, don Allah ki bari sai mun koma gida. Ni kam na tsere ta bayan ajinmu.