Ladabin Bandar da Akwatin Inna

"Lafiya lau, Sitti. Ya ƙafar? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya ja da ranki."

Bandar ne ya faɗi haka, ya sunkuya ya sumbaci kan kakarsa kamar yadda 'ya'yan Makka masu tarbiyya suke yi. Sitti kuwa kaka ke nan a Larabcin Makka. Kakar tasa, Hajiya Maijidda, mahaifiyata ce. Ni ce Khadijatu autarta, shi kuma ɗan yayana Mukhtaru ne. Ina durƙushe ina naɗe kaya, don washegari ni da Inna za mu tafi Jidda mu shiga jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa, kwana huɗu a Bahar Maliya. Yaya Mukhtaru ne ya shirya tafiyar, wai Inna ta huta.

Inna ta bi shi da kallo daga sama har ƙasa. Tun da yaron nan ya iya magana bai taɓa hawo ɗakinta na unguwar Tandabawi da wata gaisuwa ba sai "Tsohuwa, har yau ba ki mutu ba?" Ita kuma ta ce, "Sai na binne ka, mijin banza." Ni 'ya ce, ba ni da bakin shiga wasan kaka da jika, nawa kallo ne. Amma ni ma ladabin nan bai kwanta mini ba.

"Khadijatu, wane ne wannan baƙon?"

"Bandar ne mana, Inna."

"Bandar ɗina ba ya tambayar ƙafa. In ya ga ina ɗingishi kwaikwayona yake yi. Kai, me ka sata?"

"Haba Sitti! Akwati na zo in sauke miki."

"Ka ji kuma, Sitti! Mako guda ke nan ana ce mini Sitti a gidan nan. To ga akwatin, sauke."

Ya kama hannun akwatin ya ja. Akwati bai motsa ba, Bandar ne ya motsa, har gilashinsa ya zamo kan hanci.

"Subhanallahi! Me kika zuba a ciki, duwatsun jifa?"

"Kayan tafiya."

Ya zuge zif ɗin. Ni ma sai lokacin na gani, don ita ta shirya shi da kanta ta hana ni taɓawa. Kan keken ɗinkinta ne a ciki, da turmin ƙarfe na dakan yaji, da agogon bango, da hoton marigayi mahaifinmu Malam Ya'u an naɗe shi a bargo, da jakar takardun gida, sai buta a gefe.

"Kwana huɗu fa ne! Jirgin nan ba ƙaura yake kai mutane ba."

"Kai ka taɓa shiga. Faɗa mini me mutane suke yi a ciki, in ji ko zan rage."

Bandar ya gyara zama, don bara ya shiga da matarsa, kuma har yau bai gama ba da labari ba.

"Da farko akwai 'yan tawul. Su tun kafin rana ta fito suke sanɗa su shimfiɗa tawul a kan kujerun bakin wurin iyo, su koma barci. Ba za su zauna ba sai azahar, amma kowa ya san kujera ta yi mai ita."

"Wato mutum ya bar alama a wurinsa, ya tafi, ya dawo ya tarar ba a taɓa ba?"

"Haka ne."

"Masu mutunci ke nan. Ci gaba."

"Sai 'yan zagaye. Wani dattijo kullum bayan asuba sai ya zagaya jirgin sau bakwai da takalmin gudu, yana ƙirgawa."

"Sau bakwai? Ɗawafin me yake yi, babu Ka'aba?"

"Motsa jiki ne."

"Ya bar gidansa, ya hau ruwa, ya dinga zagaye wuri ɗaya. Wannan 'ya'yansa ne suka kore shi, yana tunanin hanyar komawa."

"Babu wanda ya kore shi! Sai kuma 'yan faranti. Abinci a jere yake tun safe har dare, babu mai ce miki ya isa. Na ga wata mata tana cin karin kumallo sau biyu, a hawa daban-daban don kada a gane ta, ta kuma cusa burodi a jaka."

"Matarka ke nan."

"Ba ita ba ce!"

"To kai ne ka ari abaya. Na ga yadda ka dawo, wuya ya haɗe da kafaɗa. Akwai ful da tamis, waken nan da gurasar da muke karya kumallo da su?"

"Akwai abinci kala ɗari."

"Na ce akwai ful da tamis?"

"Ban duba ba."

"Wurin da ake ɗura wa mutum abinci ba a tambaye shi ba, a bincika. Ragon layya ma haka ake yi masa. Alƙibla fa?"

"Akwai kibiya a talabijin ɗin ɗaki, tana nunawa. In jirgi ya juya ta juya."

"Innalillahi! Ni da nake buɗe taga in ga hasumiyar agogon Harami, in ji kiran salla ba da rediyo ba, yau talabijin ne zai nuna mini Ka'aba? Sai me kuma?"

"Ranar farko za a tara ku a nuna muku rigar iyo da ƙananan jirage, ko da wani abu zai faru."

"Ba a ba ka shayi ba, an fara koya maka nutsewa."

"Tsari ne kawai, Sitti, Allah Ya ja da..."

"Kar ka sake ja da raina, ka bar shi inda yake."

Na kusa shaƙewa da dariya, na cusa fuska a cikin mayafin da nake naɗewa. Bandar ya zaro wata igiya shuɗiya mai maƙali daga aljihu ya miƙa mata.

"Ga wannan. Za a ba ki kati, ki rataya a wuya. Shi ne mabuɗin ɗakinki. Duk mutanen jirgi haka suke yawo da shi."

"Kamar tumakin Mina."

"Kuma kada ki damu da shara. In kin fita cin abinci wani zai shiga ya gyara gado, ya naɗe miki tawul ya mai da shi giwa ko agwagwa."

Inna ta ajiye carbinta a hankali.

"Wani zai shiga?"

"Mai gyaran ɗaki."

"Ina waje, mabuɗi a wuyana, shi kuma ya shiga. Da me?"

"Da nasa mabuɗin."

"Wato ɗakina ne, amma akwai wani mai mabuɗi da ban sani ba. Yana jira in juya baya ya shiga ya juya mini kaya, in na dawo a nuna mini agwagwa a ce in yi murna."

"A jirgi haka ake yi."

"A jirgi kaɗai?"

Bandar ya cire gilashi ya hau gogewa da gefen rigarsa, alhali babu abin da ya same shi.

"Ina mabuɗin gidan nan na biyu, wanda yake rataye a bayan ƙofar kicin tun Malam yana da rai? Ranar Talata ka zo ka sha ruwa, ƙusa ta wayi gari babu komai. Ranar Laraba na leƙa ta taga na ga kwalaye a naɗe a bayan motarka. Ranar Alhamis ka tambaye ni ko gadona yana kwancewa. Mutumin da bai taɓa ɗauke mini kofi ba, me ya haɗa shi da ƙusoshin gadona?"

"Wallahi Sitti..."

"Kar ka rantse a garin nan. Ni kwalaye ba su tsorata ni ba, ladabinka ne ya tsorata ni. Ranar da miji ya daina zagina ya koma sumbatar kaina, na san an sayar da ni."

Nan hannuna ya tsaya cak. Na san Yaya Mukhtaru ya daɗe yana son ta koma kusa da shi a unguwar Kudai, inda ya kama mata gida a hawan ƙasa, ta ƙi. Amma ban san tafiyar nan tarko ba ce, kuma ni aka zaɓa in riƙe mata hannu a kan ruwa har a gama kwashe ɗakin. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kunya kamar ni na ƙulla.

Bandar ya mayar da gilashinsa. Da ya buɗe baki, muryar ta sauya.

"To, tunda kin tono. E, haka ne. Baba ya ce ranar Asabar a kwashe, kafin ki dawo an jera miki komai a can. Kin san dalili? A watan azumi kika zame a matakalar nan, kika yi awa biyu a kwance babu wanda ya sani. Ni na zo na ɗauke ki. Har yau in na hawo sai gabana ya faɗi kafin in kai hawa na biyu."

"Shi ne ba za ka faɗa mini a ido ba?"

"Wa zai faɗa miki? Ke da ko likita sai kin koya masa allura? Tsohuwa mai taurin kai, ƙafa ta lalace, haƙori saura huɗu, amma baki kamar injin markaɗe! Kin ɗauki keken ɗinki za ki hau teku da shi, wai kada a sace. Wa zai saci wannan gwangwanin? Shi da ke ban san wanda ya fi tsufa ba!"

Fuskar Inna ta washe kamar an ce mata ga goron Kano.

"Yauwa! Khadijatu, ba shi ruwa, mijina ya dawo. Ina ka shiga mako guda, ɗan banza?"

"Ina neman wata matar, mai ƙafa biyu."

"Wa za ta ɗauke ka da wannan tumbin na jirgi? Saurara. A ɗakin nan na haifi ubanka, a gadon nan Malam ya cika. In zan bar shi, da ƙafata zan sauka, idona biyu, in yi sallama da maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Ba a kwashe ni ina can ina kallon agwagwar tawul ba. In na dawo ubanka ya zo ya zauna a nan mu yi magana. Kafin nan a sa ƙarfen dafawa a matakalar, tunda gabanka faɗuwa yake yi kamar na amarya."

"Ƙarfe gobe za a sa. Baba kuma zai cinye ni."

"Akwai nama, zai ƙoshi."

Bandar ya yi dariya har yana share ido. Ya laluba aljihu ya ciro mabuɗin, ya ajiye a tafin hannunta.

"Ungo. Kin ci, mayya. Ki haɗa da katin ki rataya."

Inna ta juya mabuɗin ta duba shi sosai, kamar mai tsoron an sauya shi. Sai ta zura shi a igiyar nan shuɗiya, ta ce ya matso. Na ɗauka kunnensa za ta ja. Sai ta rataya masa a wuya.

"Tattabaruna suna zuwa taga bayan asuba, alkamarsu tana cikin tulun can. Kullum ka hawo ka zuba musu. In ubanka ya zo da mota da kwalaye, kai zai tarar a ƙofa."

"Kin yarda da ni? Ni da na sace shi?"

"Wanda ya sace shi mai ladabi ne, ban san shi ba. Kai kuwa yanzu ka ce mini mayya."

Ta sa shi ya fito da kan keken ya mayar a mazauninsa, ya rataye agogo, ya ɗora hoton Malam a inda yake, tana bin sa da gyara har sai da kowane abu ya koma kan shatinsa na ƙura. Akwati ya zama fayau, saura kayan sawa da buta da ƙullin yaji.

"Shi ke nan? In sauke?"

"Tsaya." Ta jawo tsohon tawul ɗinta daga igiyar shanya, ta shimfiɗa shi a kan kujerarta ta bakin taga, ta daddanna gefensa. "Ka ce masu jirgi ma sun san ma'anar wannan. To, ka fassara wa ubanka."