Ranar da Aka Kai wa Kwamishina Gudummawa

Wata uku ke nan da injin rijiyar burtsatsen Tudun Marke ya ƙone. Wata uku matan garin suna gangarawa gulbi, su tone yashi, su zauna jiran ruwa ya tsattsafo, su cika jarka, su naɗa gammo, su hau tudu da ita a ka. Mai gyara ya zo ya duba, ya ce dubu ɗari huɗu, ba ragi. Maza suka taru a ƙofar gidan Mai Unguwa Barau, suka juya maganar ta nan, suka juya ta can, daga ƙarshe aka aika a kira Gwaggo Tabawa mai daddawa. Dalili kuwa ɗan ƙanenta ne, Sallau, aka naɗa kwamishina bara. Ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsa, ita ta sayar da akuyarta ta biya masa kuɗin jarrabawa. In akwai mai iya shiga falonsa ba tare da an ce yana wanka ba, to ita ce.

Ranar Talata ta ɗaura zanen fita, ta ƙulle curin daddawa biyu a leda, suka hau motar birni ita da Mai Unguwa.

Sun tarar da ƙofar gidan wayam, abin da ya ba su mamaki, don labarin da ake kai musu shi ne ba a rasa mutum talatin a gindin katangar nan. Mai gadi ya leƙo ta ƙaramar ƙofa, ya nuna musu wata takarda da aka lulluɓe da leda aka manna a jikin ƙyaure.

“Oga ya ce duk wanda ya zo ya fara karanta wannan. In ya gama yana son shiga, ya shiga.”

Mai Unguwa ya sa tabarau ya matsa. Jadawalin albashin manyan jiha ne, tun daga gwamna da mataimakinsa, da kakakin majalisa, har zuwa kwamishinoni da masu ba da shawara. An ja wa layin kwamishina jan biro sau biyu. Takarda ce ta gaskiya, ga hatimi, ga sa hannu, ba a ƙara ko sifili ba, ba a goge ba.

“Me ta ce?” in ji Gwaggo.

“Ta ce albashin Sallau a wata dubu ɗari ne da ’yan kai.”

“A wata ko a mako?”

“A wata, Tabawa. Ai mai facin bakin tasharmu yana haɗa wannan in damina ta lalata hanya.”

Suka shiga. Motoci biyar ne a jere a ƙarƙashin rumfa, wani yana wanke ta shida da tiyo, ruwa na malala har bakin kwata. Gwaggo ta ɗaga zane ta tsallake, tana kallon ruwan kamar ta tare shi da hannu.

Sallau ya tarbe su da fara’a, ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya kamata. Aka kawo lemo mai sanyi. Mai Unguwa ya yi gyaran murya ya jero bayanin inji, tun daga ranar da ya fara tari har ranar da ya yi hayaƙi. Sallau yana ji yana girgiza kai, fuskar nan cike da tausayi.

“Gwaggo, an karanta miki takardar ƙofa?”

“An karanta mini.”

“To albashina ke nan. Ban ƙara ba, ban rage ba. Mutane suna ganin mu a mota suna zaton muna kwana a kan kuɗi.”

“To motocin nan fa, ɗan nan?”

“Na gwamnati ne.”

“Gidan?”

“Na gwamnati. Ranar da aka sauke ni ko labule ba zan cire ba.”

“Wannan mai farar hular da ya kawo mana lemo?”

“Gwamnati ke biyansa.”

Ta miƙa hannu ta murza gefen shaddar da ke jikinsa, ta ji ta tana ƙara kamar sabuwar takardar kuɗi.

“Wannan dai taka ce.”

Ya yi dariya. “Ita ma in kika bi sawunta, Gwaggo, gwamnati za ki tarar.”

Gwaggo ta saki shaddar. Ashe yaron nan ko rigar wuyansa aro ce. Da za su tafi ya ba su dubu biyar na mota. A bakin ƙofa ta ja shi gefe, ta mayar masa da dubu uku cikin tafin hannu ta dunƙule masa, ta ɗora masa ledar daddawa.

“Riƙe, ka saya wa yara sabulu. Kada ka gaya wa kowa.”

A mota ta yi ta juya maganar a ranta. Ba injin ne kaɗai ke cin ta ba yanzu. Mutum mai ’ya’ya shida, da wannan albashi, an zaunar da shi kusa da baitulmali. Yau ya daure, gobe ya daure, jibi fa? Ranar da yunwa ta sa ya zura hannu, a rediyo za a kira sunansa, a haɗa da na ubansa, a ƙarasa da sunan gari.

To a Tudun Marke akwai al’ada. In gobara ta ci gidan mutum, ko gonarsa ta ƙi, ba a jira ya roƙa. Kowane gida ya fito da abin da ya sawwaƙa, a ɗauka a kai masa har ƙofa da rana tsaka, sanƙira yana kiran sunan kowa da abin da ya bayar, don kada gobe wani ya ce wane bai kawo ba. Kuma ba a mayar da gudummawa. Wanda ya mayar, ya zagi gari.

Gwaggo ta shiga gida-gida.

“Mu da muka je nema, mu ne kuma za mu kai?” in ji wata maƙwabciyarta, tana sauke jarka daga ka.

“Ke ba ki ga abin da na gani ba. Yaron nan ƙiba kawai gare shi. Mu ciyar da shi tun bai yi abin kunya ba. In ya samu ya ƙoshi, ya sa mana baki a wurin gwamna a kan injin.”

Cikin kwana goma aka haɗa gero buhu biyu da rabi, dawa buhu ɗaya, kuka, busasshiyar kuɓewa, man gyaɗa galan guda, zabbi huɗu, da wani bunsuru mai taurin kai. Mai Unguwa ya ciro tsohuwar babbar rigarsa ta saƙi, aka wanke aka buga, don Sallau ya samu abin rufe jiki ranar da gwamnati ta karɓi tata.

Abin da ba su sani ba, Asabar ɗin da suka zaɓa ita ce ranar da dattawan jam’iyya suka zo gidan. Sallau ya daɗe yana harin takarar majalisar tarayya, su kuwa sun zo ne su ci abinci su auna nauyin aljihunsa, don a wurinsu ɗan takara ya zo da kowane irin tabo ana iya wanke shi, ban da talauci. An kafa rumfa a tsakar gida, an jera kujeru, shugaban jam’iyya Alhaji Ɗan’azumi yana tsakiya da cinyar kaza a hannu.

Sai ga akori-kura ta tsaya a ƙofa. Mai gadi, wanda tunda ya kama aiki bai taɓa ganin an zo gidan da kaya ba sai dai a fita da su, ya rikice ya wangale ƙyaure duka biyun.

Gwaggo ce a gaba, da kwandon daddawa a ka bisa gammo, Mai Unguwa a gefenta. Bayanta masu buhuna, bayansu mai jan bunsuru. Jibo Sanƙira ya tsaya daidai bakin rumfa, ya toshe kunne ɗaya da yatsa, ya buɗe murya.

“Jama’a a saurara! Gudummawar mutanen Tudun Marke ga ɗansu Sallau, wanda Allah ya jarrabta da aikin gwamnati! Gidan Tanko Maƙeri, gero tiya uku. Laraba matar Liman, kuka ƙwarya ɗaya, ta ce a yi haƙuri ba yawa. Mai Unguwa Barau, riga ta sawa, tasa ce ta kansa, ba ta gwamnati ba.”

Cokula suka tsaya. Sallau ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Ya nufo Gwaggo yana magana ƙasa-ƙasa.

“Gwaggo, mene ne haka? Don Allah ku zagaya da kayan nan ta baya.”

“Gudummawa ba ta bin ƙofar baya, ka sani. Kada ka ji kunya, ɗan nan, babu ba ta kashe mutunci. Waɗannan bayin Allah ma abokan aikinka ne? In sun ga dama a ɗiba musu kukar, na san duk halin ɗaya ne.”

Alhaji Ɗan’azumi ya ajiye cinyar kaza, ya goge hannu a hankali.

“Honarabul, ashe abin ya kai haka? Ai da ka faɗa mana tun da wuri, da ba mu ci kajin nan ba. Ka san takara ba ta mai jiran tiyar gero ba ce. Ba komai, Allah ya hore. Akwai wani yaro ɗan kwangila da ya nuna sha’awa.”

Dattawa suka fara laluben takalma.

“Ranka ya daɗe, a zauna,” in ji Sallau. “A zauna. Don Allah a zauna, minti ɗaya.”

Sallau ya faɗa cikin gida har hularsa na faɗuwa. Ya dawo da wata takarda, irin ta ƙofa sak, hatimi ɗaya, sa hannu ɗaya, sai dai ita wannan rubutu ya cika ta har gindi.

“Waccan ta ƙofa shafi na ɗaya ne,” ya ce, yana haki. “Albashi ne tsura. Ga shafi na biyu, na alawus-alawus.”

Ya shiga karantawa da ƙarfi, yana ɗaga kai bayan kowane layi ya dubi shugaban jam’iyya. Kuɗin gida, wanda shi kaɗai ya ninka albashin. Kuɗin mai da gyaran mota. Kuɗin masu aikin gida. Kuɗin tufafi. Kuɗin kujeru da labule. Kuɗin jarida, ko an karanta ko ba a karanta ba. Kuɗin karɓar baƙi. Kuɗin kwana in tafiya ta kama, na cikin ƙasa daban, na waje daban. Kuɗin wuta da ruwa.

Mai Unguwa ya yi tari a nan, ya cire tabarau ya sa a aljihu.

Sallau bai ji ba, ya riga ya hau. Kuɗin hutu. Kuɗin sallama ranar da aka sauka. Da kowane layi dattawa suna komawa kujerunsu ɗaya bayan ɗaya, Alhaji Ɗan’azumi ya sake ɗaukar cinyar kazarsa yana gyaɗa kai kamar mai jin karatu mai daɗi.

“Na ƙarshe,” in ji Sallau, yana murmushi, “kuɗin wahala.”

Gwaggo Tabawa tana tsaye inda take, kwando a ka. Ta tuna dubu ukun da ta dunƙula masa a hannu. Ta tuna Laraba tana kankare gindin ƙwarya don kukar ta cika. Ta sauke kwandon a hankali ta ajiye a gaban takalminsa.

“Sallau, maimaita mini na ƙarshen nan. Kunnena ya tsufa.”

Sai a lokacin ya tuna tana wurin.

“Kuɗin wahala ne, Gwaggo.”

“Wahalar me?”

Ya dubi dattawa, ya dubi bunsuru. “Wahalar jama’a. Kin san nauyin jama’a a kanmu yake.”

“Kowane wata ake ba ka?”

“Kowane wata.”

“Har watanni ukun nan?”

“Har su.”

Ta sa hannu ta ciro gammon daga kanta, tsohon tsumma ne da ya sha ruwan jarka har ya yi baƙi. Ta kakkaɓe shi, ta gyara naɗinsa, ta ɗora masa a tafin hannu, a kan shafi na biyu.

“To riƙe, ɗan nan. Tunda kai aka biya, gobe da sassafe ka same mu a gulbi ka karɓi kayanka. Wata uku ke nan muna ɗaukar maka kyauta.”