Ranar da Na Gudu da Ludayi a Flatbush

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da aikina na farko a New York ba. Lokacin ban daɗe da zuwa daga Kano ba, ina zaune a unguwar Tremont wajen Gwaggo Rabi, ƙanwar babana, kullum ina cika mata baki cewa na girma, zan iya riƙe kaina. Ita ta yi min hanya na samu aikin jinyar wata tsohuwar Baturiya a unguwar Flatbush da ke Brooklyn, Misis Dora, wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shekara da shekaru.

Gidan tsoho ne, na katako, mai bene. Labulaye kullum a sake, ko da rana tsaka sai an kunna fitila. 'Yar Misis Dora ta nuna min ɗakin mahaifiyarta da kicin da magunguna, ta ce, "Sama kuwa ba ruwanki da shi." Ta ƙara wata magana da sauri, ta tafi aiki. (Rabin Turancinta ban kama ba, amma na gyaɗa kai kamar wadda aka haifa a Brooklyn.)

Tun makon farko nake jin taku a sama, a hankali, kamar mai jan ƙafa. In tsohuwa tana farke, shiru. Da barci ya ɗauke ta sai takun ya fara. Na tambaye ta, ta daɗe tana kallon rufin ɗakin, sannan ta ce, "Babu kowa a can." Ta rufe ido.

Na kai wa Gwaggo labari, ta ce, "Ke, katako ne yake kuka. Ki yi addu'a ki riƙe aikinki."

Wata rana bayan azahar, ana yayyafi, tsohuwa ta yi barci, ina kicin ina ɗuma mata miya. Sai na ji takun, amma wannan karon a matattakala, yana saukowa. Ya zo daidai bayana ya tsaya. Na waiwaya.

Misis Dora ce tsaye a bakin ƙofa, cikin farar rigar barci, farin gashinta a sake. Matar da ko juyi ba ta iyawa sai na taimaka mata. Ta zuba min ido, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Har yanzu tana numfashi?"

Ƙofar ɗakin jinyar a buɗe take, tana kallon kicin. Na leƙa ta saman kafaɗarta, sai ga Misis Dora kwance a gado, baki a buɗe, ba ta motsi.

Na nemi Ayatul Kursiyyu a kaina na rasa. (Addu'ar shiga banɗaki ce ta zo min, ita na karanta.) Na ɓalle ƙofar baya, ba takalmi, ludayi a hannu, ban tsaya ba sai shagon Baba Isufu, wani dattijo mutumin Nijar da nake sayen burodi a wajensa. Akwai direbobin tasi biyu 'yan Gana suna shan shayi.

"Baba, ranta ya fita! Yana yawo a kicin!"

"Ran wa, ɗiyata?"

Na kwashe komai na faɗa, ina nuni da ludayi. Ya kalle ni ya ce, "Kin baro mara lafiya ita ɗaya? Kin kashe wuta kuwa?"

Sai a nan na tuna da gas. Wani sabon tsoron ya danne na farko: idan gidan ya kama, ni ce na kashe ta.

Muka ɗunguma, Baba a gaba da carbi, direba ɗaya ya ɗaga lema kamar gora, ni a can baya. Mun tarar an kashe gas. A ɗaki kuwa, mai farar rigar na zaune a bakin gado tana ba ta kwancen miya da cokali. Suka juyo a tare, fuska iri ɗaya sak. Wallahi har Baba sai da ya ja da baya. Can ya sauke carbinsa ya ce, "Ɗiyata, a Kano ba a haihuwar tagwaye?"

Direbobin suka yi dariya har ɗaya ya zauna a ƙasa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da yamma 'yar ta yi min bayani, wannan karon a hankali. Mai farar rigar Misis Nora ce, ita da Misis Dora tagwaye ne. A wani ɗan ƙaramin gari suka taso bayan yaƙin duniya na biyu, tun suna 'yan mata suke aiki a masaƙa ɗaya, sai wani abu ya shiga tsakaninsu wanda har yau ba wanda ya san shi. Gida ɗaya, amma ba sa magana. Sai ta kwancen ta yi barci ta saman take saukowa ta duba ta. Na sha faɗa sosai, amma ba a kore ni ba, don ta ce rabon da ta ga su biyun a ɗaki ɗaya ido biyu tun tana yarinya.

Kafin in isa Tremont labarin ya riga ni, har masallacin su Gwaggo. Yanzu ina da aure da 'ya'ya, amma a wurin biki har yau akwai masu kirana Mai Ludayi.

Abin da na koya ke nan: in har gudun fatalwa ya zama dole, a kashe gas tukuna. Kuma ko'ina za a nufa, ban da shagon da Hausawa ke shan shayi.